Makaw: Birnin Caca da Yadda Matafiya Za Ta Tsare Guzurinta

Duk wadda ta taɓa zuwa sarin kaya Gwanzu ta san akwai kwanakin zaman jira. An zaɓi leshi da mayafai, an ba da kafin alƙalami na takalma da jakunkuna, saura masana'anta ta kammala, a haɗa kaya a kai wa masu kago. A irin waɗannan kwanaki ne ake samun wani cikin ayari ya ce, "Hajiya, me zai hana mu leƙa Makaw? Ai nan kusa ne."

Gaskiyarsa, kusa ne. Jirgin ƙasa daga tashar kudancin Gwanzu zuwa birnin Zhuhai tafiyar kamar awa ɗaya ce. Daga fitowarki tasha ga shingen iyaka na Gongbei nan, ki taka da ƙafa ki ƙetare, kin shiga Makaw. Wuri ne mai kyan gani, mai tsohon tarihi, kuma babu laifi mace ta je ta kashe kwarkwatar idonta. Sai dai gari ne da aka gina shi a kan kuɗin baƙi. Wanda ya je caca da wanda ya je kallo duk akwai ƙofar da aka tanadar wa aljihunsu. Matafiya da ke ɗauke da jarinta, da sautun 'yan'uwa, da kwasar adashin maƙwabta, ya kamata ta san garin tun kafin ta sa ƙafa.

Ɗan tsibiri mai manyan kuɗi

Makaw ƙaramin wuri ne ƙwarai. Faɗinsa gaba ɗaya kimanin murabba'in kilomita 33 ne, amma mazaunansa sun kusa dubu 700, shi ya sa yake cikin wuraren da suka fi cunkoson jama'a a duniya. Turawan Fotugal suka zauna a nan tun wajen 1557, suka mai da shi zangon fatauci tsakanin Sin da Japan da Indiya da Turai. Sun riƙe shi fiye da shekara 400, sai ranar 20 ga Disamba, 1999 aka miƙa shi ga ƙasar Sin. Har yau yana da nasa dokokin, nasa kuɗin, nasa jami'an shige da fice. Sunayen tituna da Sinanci da Fotugisanci ake rubuta su a kan farin tayil mai shuɗin rubutu. Motoci ta hagu suke bi, saɓanin Gwanzu, don haka ki duba hanya sau biyu kafin ki tsallaka titi.

Tun tsakiyar ƙarni na 19 gwamnatin mallaka ta halatta caca domin samun haraji, bayan Hong Kong ta ƙwace mata kasuwar jiragen ruwa. Daga 1962 zuwa farkon shekarun 2000 kamfanin attajirin nan Stanley Ho ne kaɗai ke da lasisi. Da aka buɗe ƙofa a 2002, kamfanonin Amurka suka shigo, kuma zuwa 2006 kuɗin da ake samu a Makaw ya zarce na babban titin caca na Las Vegas. Yanzu kamfanoni shida ne ke riƙe da lasisi. A duk faɗin ƙasar Sin, nan ne kaɗai doka ta yarda a buɗe gidan caca.

A 2024 gidajen cacar Makaw sun samu kimanin pataka biliyan 226, wato kusan dalar Amurka biliyan 28. Wannan adadi shi ne abin da ya rage a hannun masu gida bayan an biya duk waɗanda suka ci. Da wata kalma, asarar baƙi ce zalla ta shekara guda. Gwamnati na karɓar kusan kashi 40 cikin 100 na wannan kuɗi, kuma shi ne mafi yawan abin da take gudanar da mulki da shi. Tun 2008 take raba wa mazauna garin tsabar kuɗi duk shekara.

Ga abin lura. Doka ta hana ma'aikatan gwamnatin Makaw shiga gidan caca, in ban da kwana uku na farkon sabuwar shekarar gargajiya ta Sin. Ma'aikatan gidajen cacar su ma an hana su shiga in sun tashi daga aiki. Wanda bai kai shekara 21 ba ba ya shiga. Masu garin sun san abin da suke sayarwa, shi ya sa suka killace nasu.

Tsohon gari, inda kallo kyauta ne

Abin da ya fi daɗi a Makaw ba ya cin ko kwabo. Tsakiyar tsohon garin na cikin jerin wuraren tarihi na hukumar UNESCO tun 2005. A dandalin Senado an shimfiɗa ƙananan duwatsu farare da baƙaƙe a tsarin igiyar ruwa, gidaje masu launin ruwan ƙwai da kore sun kewaye shi, sai ki rantse wani lungu ne na Turai. Daga nan wani siririn titi mai cike da shaguna yana hawa da ke har gindin matakalar kangon majami'ar Saint Paul. Gobara ta cinye ginin a 1835, bangon gaba kaɗai ya tsira, yana tsaye shi kaɗai, in kin leƙa tagoginsa sararin sama kike gani. A gefensa akwai tsohuwar ganuwar Monte da igwoyinta. Daga samanta ana ganin garin duka: tsofaffin benaye masu shanya a baranda, can kuma ga ginin Grand Lisboa mai launin zinare ya tokare sama kamar furen bado.

Mai sauran ƙarfi za ta iya hawa tudun Guia, inda hasumiyar haska wa jiragen ruwa take tun 1865. Mai son shan iska ta nufi Coloane a kudu, ƙauyen masunta mai natsuwa, da bakin ruwan Hac Sa mai baƙin rairayi. Motar bas ta haya tana kai mutum duk waɗannan wurare a kan pataka 6, sai dai direba ba ya ba da canji, don haka ki tanadi ƙananan kuɗi.

Yanayi ya fi kyau daga Oktoba zuwa Disamba, wanda ya yi daidai da baje kolin Canton na kaka. Damina akwai zafi mai gumi da guguwar teku. Ki guji makon farko na Oktoba da lokacin sabuwar shekararsu, domin hutu ne a duk ƙasar Sin, iyaka takan cika maƙil, kuɗin masauki kuma ya yi sama.

Kotai, inda dare ba ya yi

Tsakanin tsibiran Taipa da Coloane a da ruwa ne. Aka cike shi da ƙasa, aka sa masa suna Kotai, aka jera manyan otal-otal. Akwai Venetian da aka buɗe a 2007, mai ɗakuna kusan 3,000. A bene na sama an haƙa magudanan ruwa, ana tuƙa mutane a kwalekwale a cikin gini, an zana rufin ya zama shuɗin sama da gajimare. Ko ƙarfe biyun dare ne, a ciki hantsi ne. Kusa da shi akwai Parisian da kwaikwayon hasumiyar Eiffel mai rabin tsayin ta Faransa, sai Londoner da kwaikwayon agogon nan na Landan.

Tun daga bakin iyaka za ki tarar da manyan motoci masu sanyi a jere, suna kwasar mutane kyauta zuwa waɗannan wurare. Ba a tambayar ko caca za ki yi, kuma matafiya da yawa suna amfani da su don rage kuɗin mota. Amma banza ba ta kai zomo kasuwa. Motar a ƙofar otal take ajiye ki, hanyoyin ciki kuma an tsara su yadda daga shago zuwa gidan abinci sai kin gifta ta gefen zauren caca, kina jin ƙarar injina da shewar wanda ya ci. Shewar wanda ya ci ake ji. Waɗanda aka cinye su shiru suke fita.

Wasan da ya fi kawo kuɗi a Makaw na karta ne, ana ce masa bakara. A lissafi, cikin kowane 100 da aka zuba, gida yana riƙe ɗaya da 'yan kai. Sai mutum ya ga ai abin bai taka kara ya karya ba. Inda gizo ke saƙa shi ne maimaici. Ɗauki misalin wanda ke zuba dalar Hong Kong 1,000 a kowane zagaye, ya yi zagaye 60 a zama ɗaya. Jimlar abin da ya ratsa tebur 60,000 ne, rabon gida a ciki wajen 700. Yau zai iya ci, gobe a cinye shi, amma iya daɗewarsa a kujera iya kusantar wannan lissafi. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

A titunan da ke kewaye da tsofaffin gidajen caca za ki ga shagunan jingina birjik, fitilu na walƙiya dare da rana, gilasansu cike da agoguna masu tsada da zobba da sarƙoƙi. Da yawa cikin kayan nan da hannun masu su suka shigo garin. Hukuncin caca a addininmu ba ɓoyayye ba ne, Suratul Ma'ida aya ta 90 ta haɗa ta da giya a wuri ɗaya. Wadda ta tsaya minti biyar gaban gilashin mai jingina za ta ga hikimar da idonta.

Kafin ki ce za ki: maganar biza

Bizar ƙasar Sin ba ta shiga da mutum Makaw. Tun 2010 masu fasfon Najeriya suna cikin waɗanda ba a ba su izinin shiga a bakin iyaka, dole sai sun nemi bizar Makaw tun kafin tafiya ta ofishin jakadancin Sin. Na biyu kuma, ƙetarawa Makaw fita ce daga babban yankin Sin. In bizarki ta shiga ɗaya ce, da zarar an buga miki hatimin fita a Gongbei ta ƙare, alhali kayanki da tikitin komawarki suna Gwanzu. Sai mai bizar shiga biyu ko fiye ce za ta iya zuwa ta dawo. Wannan ita ce asara mafi girma da za a iya tafkawa a tafiyar, kuma tun a gida ake maganinta. 'Yan'uwanmu na Nijar da Gana da Kamaru su ma su tambayi ofishin jakadanci abin da ya shafi fasfonsu.

Kuɗi uku a gari ɗaya

Kuɗin Makaw sunansa pataka. Bankuna biyu ne ke buga shi, don haka kada ki tsorata in kin ga takardar 100 iri biyu, duk masu kyau ne. An ɗaure darajarsa da dalar Hong Kong: dalar Hong Kong 100 daidai take da pataka 103. Dalar Amurka ɗaya kuma tana ba da pataka 8 da ɗan ɗoriya.

Shaguna da motocin haya suna karɓar dalar Hong Kong hannu bibbiyu, amma ɗaya da ɗaya suke lissafa ta da pataka. Wato in kin kashe 1,000 ta Hong Kong kin bar musu pataka 30, kuɗin hawa bas sau biyar. Yuan ɗin da kika taho da shi daga Gwanzu ya fi wannan ciwo. Ya fi pataka daraja da kashi 10 cikin 100 ko fiye, amma akwai masu shagon da za su karɓe shi ɗaya da ɗaya, su ba ki canji da pataka. Abincin pataka 100 sai ya tashi miki 110 ko sama ba ki sani ba.

Ita kuma pataka tana da nata aibin. Da kin bar Makaw ta kusa zama takarda, domin ba kowane mai canji ke karɓarta a Gwanzu ba, balle a Wapa ko Zone 4. Hanya mafi araha ita ce ki canja daidai abin da za ki kashe a yinin, ki biya komai da pataka, abin da ya rage ki mai da shi yuan kafin ki ƙetare iyaka. Tsabobi ki ƙarar da su a bas ko ruwan sha.

Wajen canji kuma, ki nemi banki ko shagon canji mai lasisi da ya kafe farashinsa a allo. Ana samun su a bakin iyaka da kan babban titin Almeida Ribeiro da ya ratsa ta gaban dandalin Senado. Ki duba allo biyu ko uku kafin ki miƙa kuɗi, ki ƙirga a gaban mai shago, ki karɓi rasit. Teburin otal ya fi kowa tsada. Masu tare mutane a harabar otal-otal suna raɗa cewa za su yi canji mai rahusa, ki yi nesa da su. An sha kama irinsu da jabun kuɗi, kuma tun 2024 Makaw ta mai da canjin bayan fage domin caca laifin da ake ɗaure mutum a kansa.

Kowane canji da ladansa

Kuɗin matafiya daga Kano yakan bi doguwar hanya: naira ta koma dala, dala ta koma yuan, yuan ya koma pataka. A kowace gaɓa mai canji yana cire nasa. Mu ɗauka kashi 2 cikin 100 ake rasawa a kowane juyi. Juyi uku ya cinye kusan kashi 6, wato a kan dala 500 an tafi da kusan 30. Saboda haka guzurin Makaw ki ware shi da dala tun daga gida, ki canja shi kai tsaye zuwa pataka, kin tsallake gaɓa ɗaya. In kuwa yuan ne ya rage miki a hannu, ki kai shi shagon canji maimakon ki miƙa wa mai abinci.

Dalar da za ki saya ki tabbata sabuwar 100 ce mai shuɗin zare, marar yagewa, marar rubutu ko hatimi. Masu canji a Asiya suna da tsantseni, tsohuwar takarda ko su ƙi ta ko su rage mata daraja. Kada ki bari sai filin jirgi za ki yi canji, domin nan ne mai canji ya san ba ki da zaɓi.

Kati ko tsaba?

Kowanne da ranarsa. Katin dala na asusun kuɗin waje, Visa ko Mastercard, yana aiki a otal da manyan shaguna da na'urorin cire kuɗi. Alherinsa shi ne in ya ɓace ana toshe shi, kuɗi na nan. A Fabrairun 2024 Babban Bankin Najeriya ya umarci bankuna su riƙa biyan kuɗin guzurin matafiya ta kati maimakon tsaba, don haka mai neman guzuri ta banki ta fara shiri da wuri. Katin naira kuwa an sha buɗe shi a rufe, kuma kowane banki da iyakar da ya sa wa kashewa a waje. Ki je reshenku kafin tafiya ki yi tambaya uku: nawa ne iyakata, nawa ake cirewa a kowane ciri, da wane farashi ake lissafa dala? Ki kuma shaida musu ƙasar da za ki, kada su ga ciniki daga Asiya su rufe katin.

Na'urorin Makaw da yawa suna ba da pataka ko dalar Hong Kong, ki zaɓi pataka. Tunda ana cajin kowane ciri, ciri ɗaya mai ɗan kauri ya fi ƙanana biyar sauƙi. Ki yi amfani da na'urar da ke jikin banki da rana, domin in ta haɗiye kati akwai wanda za ki yi wa magana.

Akwai wani tarko da ke kama har tsofaffin matafiya. Na'urar cire kuɗi ko ta biyan kuɗi a shago za ta tambaye ki: a lissafa miki da dala ko da kuɗin gari? Zuciya za ta karkata ga dala tunda ita kika sani. Ki zaɓi kuɗin gari. In kin zaɓi dala, na'urar ce za ta yanka miki farashin da ta ga dama, kuma kusan kullum ya fi na kamfanin katinki muni.

A Gwanzu yanzu kusan komai da waya ake biya. Tun 2023 Alipay da WeChat Pay suka ba baƙi damar haɗa katin waje, ba caji a cinikin da bai wuce yuan 200 ba, abin da ya haura kuma kashi 3 cikin 100. Wannan tsari domin cikin babban yankin Sin aka yi shi, kada ki dogara da shi bayan kin ƙetara. A Makaw ki riƙe tsabar pataka don bas, abinci da ƙananan shaguna, kati kuma ya zauna don larura.

Mai niyyar kwana ta sani farashin da ake tallatawa ba shi ne ƙarshe ba. Ana ƙara kashi 10 na hidima da kashi 5 na harajin yawon buɗe ido, sannan otal yakan riƙe wani kuɗi a kati a matsayin ajiya, wanda kan ɗauki kwanaki kafin ya dawo. Juma'a da Asabar sun fi tsada. Mafi sauƙi shi ne a yi sammako, a yini, a koma Zhuhai ko Gwanzu a kwana.

Abin da kwastam ke son sani

Tsabar kuɗi mai yawa tana da doka a kowace iyaka. A Najeriya abin da ya haura dala 10,000 sai an bayyana shi. A babban yankin Sin, kuɗin waje da ya wuce kimar dala 5,000 ana bayyana shi, yuan kuma iyakarsa 20,000. A Makaw, mai shigowa da abin da ya kai pataka 120,000, kusan dala 15,000, dole ta cike takarda. Bayyanawa ba haraji ba ce, ba a cire miki komai. Ɓoyewa ce ke jawo tara ko ƙwace. Ki adana takardar da kika cike ranar shiga Sin, domin ita ce shaidarki ranar fita. Ki kuma tuna, ƙetarawa Makaw fita ce a idon kwastam. Kada ki karɓi ƙunshin wani ki ƙetara masa da shi komai zaƙin bakinsa.

Jari daban, guzuri daban

Duk dabarun nan na rage 'yan kashi biyu da uku ne. Babbar dabara ita ce jari kada ya je Makaw ko kaɗan. Ki biya masu kaya, ki biya kago, ki ware kuɗin otal da na komawa filin jirgi, sannan abin da ya saura ki yanke wa yawo rabonsa. Sautun mutane a rubuce yake a littafi, kowa da sunanta da adadinta, kuma wurinsa akwatin ajiyar masauki ko hannun wanda za a biya. Kuɗin da ba ya jikinki ba mai yanke miki shi, ba kuma mai rarrashinki ki ba da aronsa.

Maganar aro ita ce inda mata suka fi shan wahala. Ba Hajiya ce za ta zauna a tebur ba. Abokin tafiya ne zai dawo ido jajir ya ce, "Don Allah ki rufa mini asiri da dala 500, muna komawa Gwanzu zan ba ki." Wanda caca ta cinye ba bashi yake nema ba, wani zubin yake nema. In kina son taimakonsa ki saya masa abinci da tikitin jirgin komawa. Akwai masu ba da bashi da ruwa da ke shawagi a kewayen gidajen caca, kuma 'yan sandan garin sun sha kuɓutar da mutanen da aka kulle a ɗakin otal saboda sun kasa biya. Fasfo ba ya barin jikinki, ba a ba da shi jingina ko na minti ɗaya.

Abin da kika ɗauka ki raba shi biyu: na kashewa a ƙaramar jaka ta gaba, na ko-ta-kwana a lalitar da ke ƙarƙashin sutura. Hoton fasfo da biza da lambar toshe kati su kasance a waya da kuma a takarda.

Abinci da sallah

A titin da ke hawa zuwa kangon Saint Paul masu shago suna miƙo yankakken busasshen nama mai kama da kilishi kyauta don ɗanɗano. Yawancinsa na alade ne. Burodi mai nama a tsakiya da garin ya yi suna da shi shi ma alade ne. Biskit ɗin almon da kek ɗin ƙwai da kowa ke saya tsaraba, akan haɗa wasunsu da kitsen alade, don haka sai an tambaya. Akwai wani girki da suke kira kazar Afirka, mai barkono da kwakwa, gadon zirga-zirgar Turawan Fotugal tsakanin Afirka da Asiya, amma sunan ba shaidar yanka ba ne. Gidajen abincin Indiya da na Indonesiya masu alamar halal sun fi kwanciyar hankali. Dabino, gyaɗa da ruwa a jaka suna rage kashe kuɗi da shakka gaba ɗaya.

Garin yana da masallaci ɗaya, ƙarami, tare da maƙabartar Musulmi, a titin Ramal dos Mouros kusa da madatsar ruwan sha. Sunan titin ya samo asali ne daga kalmar da Turawan Fotugal ke kiran Musulmi da ita. Wuri ne mai bishiyoyi da shiru, tafiyar 'yan mintoci daga hayaniyar fitilu. Ki riƙe ƙaramar darduma, matafiya kuma tana da rangwamen ƙasaru.

In maigida ko yaro ne zai tafi

Da yawa daga cikinmu ba mu ne masu tafiyar ba. Mu ne masu haɗa kaya, masu ba da sautu, masu tura ɗa ya koyi fatauci a hannun kawunsa. Uwa tana da damar tambaya ba tare da ta zargi kowa ba: da wa za a tafi, kwana nawa, a ina za a ajiye kuɗi? Ta roƙi a biya masu kaya tun kwanakin farko, a turo hoton rasit. Saurayin da ya fara riƙe dala dubbai a aljihu, ga kwanakin jira, ga abokai, yana bukatar a gaya masa lissafin nan na zagaye 60 tun yana gida. Shi ne dai lissafin da ke cikin cacar ƙwallo ta waya da ke cinye kuɗin makarantar yaranmu a unguwanni, bambancin kawai wancan da fitilu da kafet.

Dokar Makaw ta ba mutum dama ya rubuta a hana shi shiga gidajen caca har tsawon shekara biyu, iyalinsa ma suna iya nema masa in ya amince. Garin da ke cin abinci da caca ya yarda akwai mutanen da sai an rufe musu ƙofa. Mu namu rufin ƙofar tun daga ɗaki yake farawa, lokacin da ake ƙirga guzuri a kan gado: wannan na kaya, wannan na mutane, wannan na hanya, wannan ɗan kaɗan kuma na ganin gari. Wadda ta yi haka za ta hau ganuwar Monte da la'asar, ta sha iskar teku, ta ɗauki hoto, ta dawo da littafin sautunta cif yadda ta tafi da shi. Allah ya tsare hanya, ya sa albarka a nema.